Farin Maganin da Aka Kawo wa Umma

Kwarbai, Birnin Zariya.
Ranar Lahadi.

Zuwa ga ƙawata Umaima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da duk 'yan ɗakinmu. Yaya karatu, yaya fama da tuwon makaranta? Malama Hauwa ce za ta kawo miki wannan takarda, tunda gidansu na nan Ƙofar Kuyambana, ta kuma ce kada in ji nauyinta. Da ana barin ku da waya, da ban wahalar da ita ba.

Ranar da aka zo ɗaukata daga makaranta kin tambaye ni me ke damun Umma, na kasa ba ki amsa. Kin san halina, a rubuce bakina ya fi buɗewa. Sankarar nono ce, wadda mutane ke cewa kansa. Tun bara ake fama, ni ce ba a gaya wa ba sai da jinyar ta fi ƙarfin Goggo Adama, yayar marigayi Babanmu.

Da farko wani jan magani ake sa mata a ƙarin ruwa. Matan da ke zuwa ɗakin suna kiransa zoɓo. Goggo ta ce duk ranar da aka sa shi, Umma kan yi amai har sai ta amayar da ɗaci, bakinta ya sassaɓe, faratanta suka yi baƙi, gashin kanta ya zube har na gira. Amma ƙullutun ya yi ta raguwa, har aka fara yi mana barka. Sai kuma ya dawo, wani ma ya fito a hammata.

Likita ta sauya magani. Wannan sabon fari ne tas kamar ruwa, kuma ba a cika samunsa a asibiti ba, rubuta maka ake yi ka je ka nemo. Baba Ya'u mai kemis na bakin layinmu, aminin Babanmu, shi ke zuwa Kano da kansa ya kawo mana, a cikin kula da ƙanƙara, a kan cinyarsa yake riƙe ta har gida.

Tun da aka fara shi Umma ba ta amai sosai, gashinta ya fara tsirowa, har tana cin ɗan tuwo. Ni murna nake yi. Goggo kuwa ta ce ni yarinya ce ban san komai ba. Wai duk matan ɗakin ƙarin ruwa sun sani, maganin gaskiya shi ne wanda zai kayar da kai ya aske ka, wanda bai yi haka ba ruwan famfo ne aka ɗura a kwalba. Kuma abin da ya sa maganarta ta yi nauyi, ciwon bai tsaya ba. Yanzu ya fashe ya zama gyambo, ni nake wanke tsummokaran.

Jiya da hantsi ta maimaita wannan magana a gaban Yaya Rilwanu. Kin san shi, wanda ya kawo mini garin kwaki da sukari ranar ziyara, mai walda. Ya ɗauki kwalbar da aka gama da ita ya ɗaga ta a rana ya daɗe yana kallo, sannan ya maka ta a bango. Gilashin ya yanke ni a ƙauri. Ya ɗauki murhun gawayi ya wurga tsakar gida, ya doki ƙyauren ɗakinsa har ƙusa ta fita. Ya rantse idan ta tabbata Baba Ya'u ruwa yake sayar wa uwarsa, sai ya ga jininsa. Umma tana ta kiran sunansa daga ɗaki, muryarta ba ta kai ba.

Ina jin tsoro, Umaima. Baba Ya'un nan shi ya raɗa mini suna. Ki sa mu a addu'a, ki gaishe da kowa.

Taki har kullum,
Fiddausi Labaran.

Kwarbai, Birnin Zariya.
Ranar Alhamis.

Ƙawata Umaima,

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya, kuma murar da kika ce tana damunki ta sake ki. Na sami amsarki, na karanta na sake karantawa. Na gode da darasin da kika kwafo mini. Umma tana gaishe ki, jikin dai sai godiya.

Shekaranjiya mun je asibiti wankin ciwo. Ba zan kwatanta miki ba. Nas biyu suka riƙe ta, ta ciji gefen mayafinta har ya yage. Da aka gama, Dakta Radiya, likitar da ke duba ta, ta auna ƙullutun ta fita. Ban san inda na samo ƙarfin hali ba, na bi ta har baranda, kaina a ƙasa, na tambaye ta ko maganinmu jabu ne. Muryata ba ta fito sosai ba, sai da ta ce in maimaita.

Ta tambayi ajina. Da na ce ajin ƙarshe nake, ɓangaren kimiyya, sai ta zaunar da ni a benci. Ta ce da farko, farin maganin dama bai cika zubar da gashi ko sa amai kamar jan ba, haka yake, kuma ba a gane ƙarfin magani da yawan wahalar da ya ba mutum. Sannan ta tambaye ni me na sani game da RNA. Na ce DNA shi ne ainihin umarnin da ke ajiye a tsakiyar ƙwayar halitta, RNA kuma kwafinsa ne da ake aikawa wurin da ake ƙera furotin. Ta yi murmushi ta ce a gaishe da malamarmu.

Ga abin da ba a koya mana ba. Ta ce ƙwayar halitta kan liƙa wa RNA wani ɗan mitsitsin sinadari mai suna metil. Akwai masu liƙawa, akwai masu cirewa, akwai masu duba inda aka liƙa su yi aiki da shi. Da wannan ƙwayar ke zaɓar kwafin da zai daɗe ana aiki da shi, da wanda za a lalata da wuri. A jikin mai lafiya tsari ne mai kyau. Amma a cikin ƙwayoyin kansa tsarin kan karkace, har kwafin da ke ƙera abin fitar da magani waje, ko abin gyara ɓarnar da magani ya yi, ya riƙa daɗewa fiye da ƙima. Jan maganin ya kashe masu rauni, waɗanda suka iya tofar da shi suka tsira suka hayayyafa. Kuma abin da ke tofar da jan yakan iya tofar da farin.

Ta ce ba ita kaɗai ce hanyar da kansa ke bijire wa magani ba, kuma ba za ta rantse ita ce ta Umma ba, don har yanzu bincike ake yi, ita ma tana cikin masu yi. Jabun magani kuwa akwai shi a ƙasar nan, ba ta musa ba. Amma ta duba kwalaben da muke kawowa ba ta ga abin zargi ba, kuma gwajin jinin Umma yana nuna maganin na taɓa jikinta yadda na gaske ke yi. Ciwon ne ya daina jin sa.

Duk hanya ina ta shirya yadda zan faɗa wa Yaya. Na same shi a zaure bayan Azahar yana cin abinci. Na durƙusa na fara, amma ina kai wa RNA ya ture kwanon. Wai an tura ni makaranta in dawo in yi masa turanci a kan uwarsa? Wai likita da mai kemis ai bakinsu ɗaya, wa zai tona wa wani asiri? Na ce Yaya ka bari in ƙarasa. Ya mare ni, Umaima. Tun da nake bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Kunnena na hagu har yanzu ƙara yake yi.

Na faɗa wa Goggo, ta ce ita ba ta san wani metil ba, ta dai san zoɓo ya yi aiki, ruwa bai yi ba. Na yi niyyar in je in gargaɗi Baba Ya'u, sau biyu ina isa ƙofar kemis ɗin. Na farko da mutane, na kasa. Na biyu na faɗa masa, ya yi dariya ya ce Rilwanun da ya goya a wuya? Ya ba ni alewa ya ce in gaishe da mai jiki.

Ki ci gaba da addu'a.

Taki,
Fiddausi.

Kwarbai, Birnin Zariya.
Ranar Talata.

Umaima,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, hannuna na hagu a ɗaure yake, ba abin da zan danne takardar da shi. Idan kin ji wani labari daga bakin 'yan jeka-ka-dawo, ga yadda aka yi.

Ranar Asabar bayan La'asar gyambon Umma ya ɓalle da jini. Na danna tsumma, ya jiƙe, na sa zane, ya jiƙe. Goggo ta fita tsakar gida ta ɗora hannu a ka tana ihu, wai an kashe mata matar ƙane da ruwan famfo, wai Ya'u ya ci amanar kabari. Maƙwabta suka cika gidan. Wani ya kira Yaya daga shago. Ya shigo da tabaraun walda a goshi, ya ga jinin a tabarma, ya juya ya fita.

Jinin ya tsaya kafin mai Keke Napep ɗin da aka kira ya iso. Maƙwabciyarmu ta karɓe ni, ta ce in bi yayana. Na fita ko takalmi babu.

Kin san lungunanmu, magana ta fi mutum sauri. Kafin in kai bakin layi, labarin ya zama wai Umma ta rasu. Na iske samari a ƙofar kemis ɗin sun fi ƙarfin ƙirga, wasu abokan Yaya ne, wasu ban taɓa ganinsu ba, da gorori da duwatsu. Sun fasa gilashin kanta. Sun jawo firjin waje sun kifar da shi, kwalabe suna ta fashewa ana tattake su. Wani yana ta ihu mai jabu, mai jabu, yara na amsawa.

Suka jawo Baba Ya'u ta wuyan riga. Hularsa ta faɗi a kwata. Yana ɗaga hannu yana cewa Rilwanu tsaya ka ji, ɗana tsaya ka ji. Wani ya maka masa gora a baki. Na ji ƙarar, har yanzu ina jin ta. Ya faɗi, suka rufe shi da duka, ƙafa da dutse da duk abin da hannu ya samu. Wani tsoho mai sayar da goro ya shiga tsakani, suka hankaɗe shi ya faɗa kan tirensa. Mata na leƙe ta katanga suna salati. Sai na ga wani ya tsugunna gefen babur yana tsiyayar fetur a gora, wani na tambayar wa ke da ashana.

Na yi ta cewa Umma tana da rai, amma ni kaina ban ji muryata ba. Kin sha yi mini tsiya a aji cewa sai an kawo lasifika kafin a ji amsata. Gaskiyarki. Ba wanda ya waiwayo.

Yaya na tsaye a kansa da rodi. Fuskarsa ba irin wadda na sani ba ce. Ya ɗaga da hannu biyu, kan Baba Ya'u yake nufi. Ban yi wani tunani ba, kada ki ɗauka jarumta ce. Na kutsa ta ƙarƙashin hannun wani na faɗa a kan tsohon, na ɗaga hannuna. Rodin ya sauka a kai. Na ji ƙashin ya karye kafin in ji zafin.

Wurin ya yi tsit. Jinin Baba Ya'u ya jiƙa mini hijabi, fetur ɗin da aka fara watsawa ya shiga mini ido. A nan ne aka ji ni. Na ce Umma ba ta mutu ba, tana gida tana numfashi, duk mai son ƙona shi sai dai ya haɗa da ni. Mai gorar fetur ya ajiye ta a hankali ya sulale. Yaya ya saki rodin, yana kallon hannuna da ya lanƙwashe inda ba gaɓa. A haka mai unguwa ya iso da 'yan sintiri, daga baya 'yan sanda. Ko gudu bai yi ba, shi kaɗai suka samu a tsaye.

Mota ɗaya ta kai mu asibiti, ni da Baba Ya'u. Kansa na kan cinyar ɗansa, idonsa ɗaya ya kumbura ya rufe, numfashinsa na fita da wani irin gurnani. Ni an ɗaure mini hannu an sallame ni. Shi har yau bai farfaɗo ba. Likitoci sun ce jini ya taru a kansa, an shiga da shi tiyata, sai dai a jira.

Idan ya mutu, Umaima, an kashe mutumin da ke rungumo mana magani tun daga Kano, kuma yayana ne ya jawo. Ban iya cin abinci. Ki roƙa masa Allah, ki sa 'yan ɗakinmu su roƙa, ba sai kin faɗa musu dalili ba.

Taki,
Fiddausi.

Kwarbai, Birnin Zariya.
Ranar Lahadi.

Ƙawata abar ƙaunata Umaima,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da kyau, ina fata jarrabawar gwaji ta zo da sauƙi. Na ga saƙonki da man zafin da kika aiko, Allah ya bar zumunci. Hannun yana sauƙi, ƙaiƙayi ne kawai ya dame ni.

Baba Ya'u ya farfaɗo. Alhamdu lillahi. Idon hagun ya tafi, an ɗaure masa muƙamuƙi da waya, ta bututu yake shan kunu. Amma ya gane 'ya'yansa, yana motsa hannu da ƙafa.

Ba mu iya ɓoye wa Umma ba, ta ga hannuna, ta ga ba Yaya. Da ta ji komai ba ta yi kuka ba. Ta ce in zauna in faɗa mata abin da likita ta ce, a hankali, da Hausa. Na faɗa mata tun daga farko har ƙarshe, ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce ashe daga jikinta ne, ba daga hannun kowa ba. Goggo na bakin ƙofa tana ji, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ranar wankin ciwo Umma ta sa aka tura ta a keken marasa lafiya, ina biye, har gadon Baba Ya'u. Ta sunkuyar da kai ta roƙe shi gafara. Ya dube ta da ido ɗayan, ya dube ni, sannan ya juya fuska bango. Matarsa ce ta yi magana. Ta ce mu riƙe haƙurinmu tukuna, ba su kaɗai aka yi wa ba. Ashe a firjin nan akwai maganin wata baiwar Allah, Malama Barira ta Ƙofar Kibo, mai 'ya'ya ƙanana. Irin na Umma ne, tare aka sayo su wuri ɗaya. Ita nata ciwon yana ta raguwa da shi. An tattake nata a kwata, ranar ƙarin ruwanta ta wuce, har yanzu danginta na neman wani. Na tambayi Dakta Radiya ko jinkirin zai cuce ta. Ta ce jinkiri yakan ba ƙwayoyin da suka tsira sarari su yaɗu, amma mu yi fatan alheri. Na so ban fahimci abin da take nufi ba.

Umma kuma an dakatar da farin maganin. Za a gwada wani, amma likita ba ta yi mana alkawari ba.

Jiya mai unguwa ya raka ni wurin 'yan sanda na kai wa Yaya abinci. Ya rame, leɓensa a fashe. Ya ƙi kallon hannuna. Umma ta ce kada in ba shi kwanon sai ya ji bayanin nan duka, don haka na tsaya a bakin ƙarfen ɗakin da aka kulle shi na fara. Wannan karon ba inda zai tafi. Na faɗa masa na metil, na faɗa masa na Malama Barira. Har ɗan sandan da ke gadi ya daina danna waya yana saurare.

Da na gama ya ɗago kai. Sai ya tambaye ni, da wata ƙaramar murya, ko an riga an yi jana'izar. Ashe ba wanda ya gaya masa. Tun ranar yake zaune a kan cewa ya kashe Baba Ya'u. Na ce yana da rai, Yaya, ya farfaɗo. Ya riƙe ƙarfen da hannu biyu, ya zame har ƙasa, ya kifa goshinsa a siminti yana kuka kamar yaro. Na tura masa kwanon ta ƙasan ƙofa, bai taɓa ba har muka fito.

Za a kai shi kotu, kuma an ce za a kira ni shaida. Abin da na gani shi zan faɗa. Umma ta ce haka za a yi.

Ban san ranar dawowata ba. Ki gaishe da Malama mai bayoloji da duk 'yan ɗakinmu. Idan kin idar da salla, bayan Umma da Baba Ya'u, ki ambaci Malama Barira da sunanta. Allah ya sada mu da alheri.

Taki mai ƙaunarki,
Fiddausi Labaran.